Ina shagunan littafin Sabon Gari suka tafi, kuma ina marubucin Hausa zai kai hajarsa yanzu?

Kwanakin baya yayata ta aike ni kasuwar Sabon Gari ta Kano in nemo mata wani tsohon littafi da ta karanta tun tana budurwa, ta ce kwana biyu labarin yana ta faɗo mata a rai. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, don ni na san layin masu littafin nan kamar yunwar cikina, tun muna yara ita ke jan hannuna mu je. Da na isa wallahi sai da na tsaya na sake kallon layin ko dai ɓata na yi. Shagon da na sani da littattafan hikaya jere tun daga ƙasa har rufi yanzu littattafan makaranta ne da biro da jakunkunan yara, na kusa da shi ya koma na littattafan addini zalla, wani kuma caja da gidan waya yake sayarwa. Da kyar na samu wani dattijo da na faɗa masa sunan littafin ya yi murmushi, ya sunkuya ƙarƙashin benci ya jawo wani kwali da ƙura ta rufe, ya rinƙa ciro su ɗaya bayan ɗaya yana kaɗewa a cinyarsa, fil ɗin da aka ɗinke su da shi duk ya yi tsatsa ya ɓata takardar da ke kusa. Ya ce min "'yata ai yanzu kowa a waya yake karantawa, waɗannan ragowar ne kawai."

Tun ranar abin yake cina, saboda duk inda aka zauna ana maganar nan amsa ɗaya ake bayarwa, wai Bahaushe ya daina karatu. Ni dai ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Duba wayar ƙanwarki ko matar wanki, ki ga yawan guruf-guruf na labarai da take ciki, ki ga yadda take bin labari mai shafi ɗari da wani abu dare da rana har tuwo ya ƙone. Masu karatu suna nan, ina ma ganin sun fi na da yawa. Abin da ya mutu shagon ne, kuma shagon nan ba sayarwa kaɗai yake yi ba, akwai ayyuka da dama da yake ɗauke wa marubuci waɗanda da ya faɗi babu wanda ya gaje su. Nan ne matsalar take kuma nan nake so mu tsaya.

Amma sai mun ɗan koma baya kafin a gane. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da gasa ya fara, a 1933 ne Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya ya nemi malamai su rubuto labarai, daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauransu. Daga nan har kusan shekara 50 hukuma ce ke riƙe da harkar, kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar adabi ta Arewa wato NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin buga littattafai na Arewa wato NNPC a 1966, duk a Zariya. Littafi ba ya fita sai ya bi ta hannun edita, kuma yawanci makaranta aka yi wa shi. Ko mace ta farko da aka buga wa littafin hikaya da Hausa, Hafsat Abdulwaheed mai So Aljannar Duniya, ta gasar NNPC ta shigo, littafin ya fito a 1980.

To sai abu biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban yara maza da mata da suka iya karanta Hausa, suna neman abin karantawa wanda ba na jarrabawa ba. A daidai lokacin da suka girma kuma sai tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma littattafan makaranta kawai don nan ne kuɗi yake tabbas. Ga masu karatu, ga masu labari a kai, babu mai bugawa. Shi ne matasa suka ce bari mu buga da kanmu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ta kafu a Kano, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta zo ta mamaye ɗakunan mata. Malaman jami'a suka yi ta muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano yana kwatanta shi da na kasuwar Onicha, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya suna kare shi. Sunan dai ya bi shi har yau, kuma ni a ganina sunan ya faɗi gaskiya ta wani ɓangare, don kasuwa ce ta raini abin nan, ba jami'a ba kuma ba gwamnati ba.

Yanzu ga yadda sarƙar take tafiya a lokacin, don yaran yanzu da yawa ba su sani ba. Marubuciya za ta rubuta labarinta da biro a littafin rubutu irin na makaranta, sau da yawa da daddare bayan yara sun yi barci. Sai a kai wa mai kwamfuta ya buga, a karanta a gyara, a kai maɗaba'a. Kuɗin bugun ko dai nata ne, ta sayar da ɗan kunne ko ta ɗauki adashi, ko kuma mai shago ne zai zuba jarinsa in ya ga labarin zai tafi. In kaya suka fito sai a kai shago a ajiye, 'yan sari su zo daga Sakkwato da Gusau da Katsina da Kaduna da Jos, har daga Maraɗi da Damagaram, su ɗiba su tafi da shi garuruwansu. Can kuma akwai masu tebur a bakin tasha, akwai masu yawo da shi a kai, sannan akwai masu haya a unguwa, ki ba da ɗan canji ki karɓi littafi kwana ɗaya ko biyu ki mayar ki ɗauki na biyu. Dalilin da ya sa ake yanka labari gida uku ko huɗu kenan, a tsaya daidai inda zuciyarki ta tsinke a ce mu haɗu a littafi na biyu, kuɗin da na ɗaya ya kawo shi ake juyawa a buga na gaba.

Ba wai ina cewa zamanin nan aljanna ba ne. Marubuta sun sha wuya a hannun wasu 'yan kasuwa, a karɓi kayanki a sayar a hana ki kuɗi sai kin yi ta zarya, a ba ki a gutsuttsure yadda ba zai yi miki komai ba, wasu ma a sake buga littafin a ɓoye ba ki sani ba. Duk wanda ya yi harkar zai ba ki labari. Amma duk da haka ki lura da abin da mai shagon nan yake yi. Shi ne mai jari. Shi ne mai tacewa, don ya san abin da zai karɓu kuma ba zai zuba kuɗinsa a shirme ba, zai ce a rage nan a gyara can. Shi ne mai talla, don in mace ta shigo ta ce Alhaji me ya fito sabo, abin da ya miƙa mata shi za ta saya. Shi ne mai rarrabawa har ƙetaren iyaka. Kuma shi ne ma'aji, littafin da ya fito shekara goma baya in kin je za ki samu ko ya sa a nemo miki. Aiki biyar a wuyan mutum ɗaya da benci ɗaya.

Me ya karya shi? Ba abu ɗaya ba ne. Da farko fim ya ja wasu, tun ƙarshen shekarun 1990 marubuta da 'yan kasuwa da dama suka ga kaset ya fi kawo kuɗi da sauri suka karkata can. Sai rigimar tarbiyya, a 2007 gwamnatin Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu ta ƙona wasu littattafan a bainar jama'a da hujjar suna ɓata 'yan mata, bayan nan hukumar tace finafinai da ɗab'i, wadda aka kafa tun 2001, ta nemi marubuta su yi rajista su riƙa kawo littafi a duba kafin ya fita, aka yi ta kai ruwa rana da ƙungiyar marubuta. Wannan ya sa tsoro a zukatan masu shago da iyaye. Sai gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a 2016 ta durƙusar da 'yan kasuwa masu yawa. Sai rashin tsaro a hanyoyi, ɗan sarin da ke tasowa daga Zamfara ko Borno ya rage zuwa. Sai uwa uba takarda. Najeriya tana da masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina, Jebba da Iwopin da Oku Iboku, duk sun daɗe da durƙushewa, don haka kusan duk farar takardar da ake buga littafi da ita daga waje take zuwa da dala, tawada ma haka, faranti ma haka. Da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024, to ki ɗora kuɗin dizal na janareta a kai. Littafin da ake so yarinya ta saya da ragowar kuɗin cefane ya koma abin da sai an yi shawara. A gefe guda kuma ga waya a hannunta, labari yana shigowa kyauta ko da ɗan abin da bai kai kuɗin adaidaita ba. Wa zai shiga rana ya je Sabon Gari?

To yanzu mu zo kan kasuwar da ta maye gurbin, don ita ce mutane da yawa ba su fahimta ba, har da wasu manyan marubutan da ke kallonta a wulaƙance. Marubuciyar yau a wayarta take rubutu, da babban yatsa. Tana sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp da Facebook da Wattpad da Telegram, kamar goma ko ashirin, har sai labarin ya kama mutane, sai ta rufe ta ce daga nan na kuɗi ne, ki tura 300 ko 500 ko 1,000 ta wannan asusun, ki turo shaidar biya ta wannan lambar, 'yan Nijar kuma ga tasu lambar ku tura kati ko sefa. Wadda ta biya sai a saka ta a guruf na musamman inda ake sakin shafi kullum. In kin duba da kyau dabarar mu haɗu a littafi na biyu ce ta dawo da sabuwar riga. Kuma abin yana da daɗinsa na gaske, babu kuɗin takarda, babu zarya wajen mai shago, matar da ke cikin gida a wani ƙauye ba ta taɓa taka Kano ba za ta iya samun masu karatu a Yamai da Kumasi da Jidda, kuɗinta ya shigo hannunta kai tsaye. Na san waɗanda da wannan suke biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta, don haka duk mai raina rubutun waya bai san me yake faɗa ba.

Amma ki tuna ayyuka biyar ɗin can na mai shago, yanzu duk sun dawo kanta ita kaɗai. Ita ce za ta rubuta, ita ce za ta yi talla tana bin guruf-guruf tana roƙon a taya ta yaɗawa, ita ce akawu mai duba wa ya biya wa ya turo shaidar bogi, ita ce mai ba da haƙuri in wuta ta ɗauke waya ta mutu ba ta saki shafin yau ba ana ta zaginta, sannan ita ce 'yar sanda mai bin ɓarayi. Kuma satar nan ita ce babban ciwon. A ce mutum 200 suka biya 500, kin ga 100,000 kenan na aikin wata uku ko huɗu, a cire data a cire caji. Cikin 200 ɗin nan mutum ɗaya tak ta isa ta kwafe shafin ta tura wani guruf na kyauta, kafin gari ya waye mutum dubbai sun karanta ba sisi. Shi ya sa za ki ga a saman kowane shafi an rubuta ban yafe ba ga duk wadda ta fitar min da littafi, Allah ya isa. Wasu na dariyar wannan, ni kam tausayi yake ba ni, don mace ce da ba ta da lauya ba ta da hukuma sai Allah ya isa. Daga nan wasu su tattara labarin gaba ɗaya su mayar da shi fayil su ɗora a shafukansu suna cin kuɗin talla, wasu su karanta shi da murya su ɗora a YouTube ba tare da sun ko yi mata sallama ba. Akwai masu tashoshin da ke neman izini su biya, Allah ya saka musu, amma na banzan suna da yawa.

An yi ƙoƙarin gina shago a intanet. OkadaBooks ta taimaki marubutan Hausa sosai, da yawansu can suka fara ganin kuɗin rubutu a asusu, sai kamfanin ya rufe a ƙarshen watan Nuwamban 2023. Wannan rufewar ta koya wa mutane darasi mai ɗaci, duk wadda ba ta ajiye kwafin aikinta a wani wuri ba ta shiga uku. Akwai manhajoji irin su ArewaBooks da aka yi don marubutan Hausa, ana saye a karanta a cikin manhajar yadda kwafewa zai yi wuya, kuma wannan hanya ce mai kyau, sai dai har yanzu mai karatu da ta saba da na banza tana ganin kamar an cuce ta in an ce ta biya.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, tacewar ce da ajiyar. Labarin da ake rubutawa yau a sake shi yau babu lokacin da wani zai karanta ya ce wannan wajen ya yi tsawo, wannan yarinyar a shafi na 12 kin ce marainiya ce ga shi a shafi na 60 babanta ya yi magana. Ƙa'idar rubutu kuwa sai addu'a, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana raba na haɗewa, ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace. Kuma saboda shafi kullum ake jira, kuma mai biya tana son abin da zai motsa ta, sai wasu suka gano batsa ta fi saurin kawo alat ɗin banki, suka bi can. Wannan gaskiya ce kuma marubutan kansu sun fi kowa kuka da ita, don ta shafa wa masu rubutun kirki kashin kaji, uba ya ji 'yarsa tana rubutu a waya sai gabansa ya faɗi. Ni ban ga ƙona littafi ko kama mutane a matsayin magani ba, an gwada a baya abin da ya haifar shi ne rubutun ya gudu inda hukuma ba ta gani. Abin da ke gyara rubutu edita ne da kuma kasuwar da za ta biya mai rubutun kirki har ta ga ba ta buƙatar waccan hanyar.

Ajiya kuwa, hmm. Littattafan kwalin dattijon can ko sun yi tsatsa suna nan, ana iya ɗauka a karanta bayan shekara 30. Har a Landan akwai su, wani malamin Hausa a jami'ar Landan mai suna Graham Furniss da abokan aikinsa sun tattara ɗaruruwa suka fitar da kundin sunayensu na 1987 zuwa 2002. Cikin littattafan zamanin nan har an fassara Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba zuwa Turanci, Aliyu Kamal ya fassara wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. To labarin da aka yi a guruf a 2019, wayar marubuciyar ta faɗa ruwa, guruf ɗin ya watse, ina yake? Dubban labarai na wannan zamanin, waɗanda suka ɗauko zancen gudun hijira da garkuwa da mutane da shaye-shaye da zaman gidan miji yadda babu jaridar da ta ɗauko, suna ɓacewa a hankali ba wanda ya lura.

Sai maganar damarmaki, don kullum ana tambaya ina ƙofa take. Akwai ƙofofi kam. Babbar da kowa ya sani ita ce Hikayata ta BBC Hausa, gasar gajerun labarai ta mata zalla da aka fara a 2016, Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashewa da labarinta Sansani, a shekarun farko ta ɗaya dala 2,000 take samu, kuma ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo duniya ta ji. A 2022 Amira Souley daga Maraɗi ta ɗauka, abin da ya nuna gasar ba ta 'yan Najeriya kaɗai ba ce. Alherin Hikayata a wajena bai tsaya a kyautar ba, ta tilasta wa marubutan da suka saba da shafi 100 su koyi faɗar magana a kalma 1,000 zuwa 1,500, da ƙa'idar rubutu, da sanin cewa alƙali zai karanta. Na ga yadda hannun mutane ya gyaru saboda ita. Akwai gasar littattafan Hausa ta cibiyar Gusau Institute da ke Kaduna, wadda maza da mata ke shiga da cikakken littafi, jaridar Aminiya ma ta shirya gasar gajerun labarai. Akwai bukukuwan littafi, na Kaduna da ake kira KABAFEST tun 2017, da na littattafan Hausa wato HIBAF da Sada Malumfashi da ƙungiyarsa ta Open Arts suka fara a 2021, inda marubuci zai haɗu da masu fassara da masu bugawa ido da ido. Akwai zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano da sauran jihohi, a karanta aikinka a gabanka a yi masa fiɗa, abin da zafi amma yana gyara hannu. Sannan ga rubutun fim mai dogon zango, tun da Arewa24 ta buɗe a 2014 da kuma finafinan YouTube, marubutan littafi irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih sun shiga rubutun talabijin, kuma yau duk mai shirya fim mai dogon zango yana neman wanda ya iya jan labari.

Amma dan Allah mu faɗa wa kanmu gaskiya, gasa ba kasuwa ba ce. Mutum uku ne ke cin kyauta a shekara, sauran ɗaruruwan da suka shiga fa? Kuma ki kwatanta, kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG dala 100,000 ce, Abubakar Adam Ibrahim ɗan Jos ya ci a 2016, mun yi murna ƙwarai, amma da Turanci ake shiga. Mai rubutu da harshen da mutum miliyoyi ke magana da shi daga Kano har Sudan ba shi da abin da ya kama ƙafar wannan. Marubuci ba zai rayu da jiran sanarwar gasa ba, abin da zai riƙe shi shi ne a sayi aikinsa yau a sayi na gobe, kuma kar a sace.

A ɓangaren fim da masu karantawa a YouTube kuma ina roƙon 'yan uwana marubuta su daina sayar da labari da baki. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ta ba ki haƙƙin aikinki tun daga lokacin da kika rubuta shi, ko a waya ne, ba sai kin yi rajista ba, kuma haƙƙin yana nan tsawon rayuwarki da shekara 70 bayan rasuwa, wato gado ne na 'ya'yanki. Dokar ta ce mallaka wa wani haƙƙin sai a rubuce. To in furodusa ya zo ya ce Hajiya ina son labarin nan, a zauna a rubuta, fim kawai aka ba shi ko har da littafin, na shekara nawa, zango nawa, za a sa sunanki ko a'a, in an yi zango na biyu akwai ƙarin kuɗi ko babu. Kunya ce ke kashe mu a nan, sai a ce ai ɗan uwa ne ai mutumin kirki ne, bayan fim ya karɓu a zo ana kuka a Facebook. Rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne, ko bashi ma addini cewa ya yi a rubuta.

Abin da nake ganin zai yi aiki ba wani sabon abu ba ne, ayyukan dattijon can ne za a raba wa mutane. Ƙungiyoyin marubuta na intanet suna da yawa sosai, kowacce da tambarinta a saman shafi, to maimakon tambari kawai su ɗauki edita ɗaya ko biyu cikin ɗaliban Hausa da jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Danfodiyo ke yayewa duk shekara suna zaune ba aiki, a riƙa biyansu daga kuɗin littafi, kada labari ya fita da sunan ƙungiya sai ya bi ta hannunsu. Su haɗa kuɗi su riƙe lauya ɗaya, in aka kai ƙarar shafin sata ɗaya ko biyu gaban hukumar haƙƙin mallaka sauran za su shiga taitayinsu. Duk labarin da aka gama a guruf kuma ya karɓu, a gyara shi a buga ko kwafi 100 ne, yanzu akwai injinan da ke buga kaɗan ba sai dubu ba, a tattara kuɗin masu so tun kafin a buga yadda ba za a yi asara ba, a karɓi lambar littafi a ɗakin karatu na ƙasa, a kai kwafi ɗakin karatu na Murtala Muhammad da na jami'o'i. Masu shagon da suka rage kuma suna da abin da babu manhajar da ke da shi, sun san wane littafi ne ya fito a wace shekara, wa ya buga, wa ke da ragowar, ya kamata a zauna da su da rikoda tun suna raye, a kuma ɗauki hoton tsofaffin littattafan shafi-shafi da izinin masu su.

Ranar dai ban samu littafin yayata cikakke ba. Na ɗaya da na biyu suna cikin kwalin, na uku babu, dattijon ya zazzage kwalin har ƙasa ya duba wani buhu a bayan ƙofa bai gani ba. Na sayi biyun, na ƙara da wasu guda takwas da na ga sunayen matan da na sani tun ina firamare, ya ɗaure min su da igiyar leda. Ya karɓi lambata ya rubuta a bangon wani tsohon rasit, ya ce akwai wani abokinsa a Gusau da ya daina harkar amma bai zubar da kayansa ba, zai kira shi ya duba masa na ukun.